Ƙulli Huɗu a Zaren Maza

Damagaram, 20 ga Nuwamba, 1958

Zuwa ga Kawu Nomau masaƙi, Garin Tsamiya, ƙasar Durum.

Gaisuwa mai yawa da ban girma. Ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali, da su Gambo da Illa. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Inna Wasila da ke kumbura in sanyi ya shigo. Ita ta ce in tuna maka ko ni wane ne, kada ka juya takarda ka ce ba ka san mai ita ba. Ni ne Suma'ila ɗanta, jikan Talatu ƙanwar babanka, wanda ya kwana bakwai a gidanka kafin a sa shi lakkwal, makarantar boko, ya tsinka maka zare da ƙafa har ka bi shi da ƙoshiyar saƙa.

Na san zumunta a ƙafa take, kuma tawa ƙafar ta daɗe ba ta taka ƙofarka ba. Ba zan yi maka kwana-kwana ba, bukata ce ta kawo ni.

Yanzu ni komi ne, wato magatakarda, a wani biro, ofishin lafiya, aikina rubuta waɗanda aka haifa da waɗanda suka mutu. An kawo mana sabon lokotoro, likita Bature, mai tambayar tsiya. Ya lura ɗakin masu tari cike yake da maza majiya ƙarfi, kuma rabinsu in an tambaye su sai su ce daga wajenku suke. Ya ce in duba littattafai in gaya masa ko mutuwar maza ta ƙaru a ƙasarku, in ta ƙaru kuma da nawa.

Kawu, na buɗe littattafan nan, ga abin da na tarar. Ƙauyukanku biyar, shekara guda cur, wai maza uku suka mutu, kuma dukansu zazzaɓi, da tawada ɗaya, a rana ɗaya. Wani shafin gara ta cinye. Wani an ɗora masa kwanon miya, mai ya bi ya shafe sunan mutum takwas. Akwai wanda aka kashe sau biyu, akwai kuma wanda ni da kaina na tsaya a sallar gawarsa, littafi ya ce yana nan garau. Na kai wa babban komi, ya dube ni yana taunar goro ya ce in daina wahalar da kaina, matattu ba sa kai ƙara.

Ina zaune cikin wannan takaici sai na tuna zaurenka. Akwai zaruruwa rataye a azara, baƙaƙe da farare, kowanne da ƙulle-ƙulle. Na tambaye ka ka ce na matattu ne, in bar taɓawa. Inna ta ce duk likkafanin babban mutum a ƙauyukan nan biyar daga masaƙarka yake fitowa, kuma ba ka saƙa ɗaya ba ka ƙulla ba. In har yanzu kana yi, don Allah ka duba mini kowace shekara ƙulli nawa ne, na maza daban, na mata daban.

Mai Nasara direban kamyon gyaɗa ne zai kawo maka wannan, shi kuma zai karɓo amsa. Inna ta sa masa ɗan barkono da kanwa ya kawo maka.

Ɗanka, Suma'ila

*

Daga Nomau masaƙi zuwa ga Suma'ila ɗan Wasila. An rubuta a watan Jimada Lahir.

Aminci ya tabbata gare ka. Takardarka ta iso, kanwa ta iso, barkono kuwa Mai Nasara ya ce buhu ya danne shi, na dai ga jan bakinsa. Ka gai da Wasila, ta riƙa gasa ƙafar da ganyen tumfafiya. Na tuna ka sarai. Ashe mai tsinka zare ne ya girma ya dawo yana roƙon zare.

Da fari na so in ƙi. Mu ba ma ƙirga ɗan Adam, ba tumaki ba ne. Amma na kwana biyu ina juya abin, na ga ƙulli zare ne, zare kuwa sana'ata ce. Babana ya koya mini cewa wanda ka saƙa wa tufarsa ta ƙarshe yana da hakki a kanka. Saboda haka kowane likkafani ƙulli ɗaya, na maza a zaren shuni, na mata a farin zare. Goman ƙarshe na Azumi in sauke, in bi su ɗaya-ɗaya da Ƙulhuwallahu, in rataye, in ɗaura sabo. Yara ba na ƙulla musu, nasu daga gefen zane ake yanka.

Ga abin da na gani. Kafin a fara fasa Dutsen Kura, zaren maza na shekara biyar ya ce shida, biyar, bakwai, shida, shida. Na mata bai yi nisa da haka ba. Akwai shekarar sanƙarau a tsakani, ita maza goma sha huɗu, mata goma sha uku, ba ta zaɓa ba. To tun da kamfanin nan ya zo yana niƙa dutse don shimfiɗa hanya, mazanmu suka fara tafiya can cin rani, zaren shuni ya ce goma sha ɗaya, ya ce goma sha biyar, ya ce goma sha tara. Farin zare kuwa shida, bakwai, shida, yana nan inda yake.

Kai takarda kake gani, ni mutane nake aunawa. Suna dawowa da tari busasshe, sai ya koma kamar ana jan turmi a ƙasa. Namiji ƙato ya rame har ka ga haƙarƙarinsa ta cikin riga. Gida bayan gida akwai kaskon toka a bakin gado, ƙudaje sun baibaye shi, mace ta ɗauka ta zubar tana toshe hanci tana kuka. Da mutum ya fara tarin a wurin aiki sai a ɗora shi a kamyo a sauke mana shi a bakin hanya kamar buhun da ya huje. Mai ɗibar musu mutane kuwa namu ne, Ali ƙanen limaminmu. An ba shi keke da malafar Turawa, yana zuwa ta'aziyya da su, a wurin zaman makokin ma yake rubuta sunan masu tafiya. Ni ko hannunsa ba na son kamawa.

Gambo da kake gaisarwa shi ne ƙulli na goma sha ɗaya a zaren ƙarshe. Shi ya biyo tagwayena da ba su zauna ba, na ɗauka shi zai binne ni. Ni na auna shi, ni na saƙa.

Saura Illa, ba ni da wani. Ya yi rani ɗaya a dutsen tare da wansa, Allah Ya dawo da shi lafiya. Bana gero bai yi ba, rumbunsa ba zai kai bazara ba, ga matarsa Hauwa da 'ya'ya uku. Yana son komawa. Na hana, amma hanin tsoho ba ya cika rumbu, kuma ya ce mini ajali ne ya ɗauki Gambo ba dutse ba. In ilminku na boko yana da wani amfani, ka aiko mini abin da zan nuna masa. Ba don lokotoronka na sauke zaruruwan nan ba, don Illa na sauke.

Haza wassalam.

*

Damagaram, 9 ga Fabrairu, 1959

Kawu Nomau,

Bayan gaisuwa, Allah Ya jiƙan Gambo, Ya sa ya huta, Ya ba ka haƙuri. Wallahi ba mu ji ba. Inna ta wuni ba ta ci komai ba, ni kuwa kunyar gaisuwar da na aika masa ta hana ni sakewa.

Ga abin da za ka nuna wa Illa, na sauƙaƙa shi yadda ko a tsaye za a gane. Shekarar sanƙarau na ajiye ta gefe, domin annoba ce ta kowa. Sauran shekara biyar in an daidaita su, maza shida ke mutuwa duk shekara. Wannan shi ne rabon da aka saba. Da ba abin da ya canza, shekara ukun nan maza goma sha takwas za ka saƙa wa. Kai kuwa arba'in da biyar ka saƙa wa. A cire goma sha takwas, saura ashirin da bakwai. Waɗannan ashirin da bakwai ɗin su ne ƙari. Mace da namiji rijiya ɗaya suke sha, tuwo ɗaya suke ci, sauro ɗaya ke cizonsu, amma na mata bai motsa ba. Abin da namiji ya taɓa mace ba ta taɓa ba, dutse ne. Ka ce wa Illa ajali gaskiya ne, amma ruwa ba ya tsami banza. Kada ya je.

Lokotoro ya ga lissafin ya miƙe tsaye. Ya ce zarenka ya fi duk littattafan bironmu, ya ɗauke ni muka je gidan Baturen kamfani ranar Asabar. Muka tarar da shi yana cin abincin rana, bai ce mana bismilla ba, bai kuma daina ci ba. Ina karanta masa ashirin da bakwai yana tsotsar ƙashin zabo, mai yana bin gemunsa. Da na gama ya sa aka kawo nasa littafin. A ciki mutum biyu ne suka mutu cikin shekara huɗu, dutse ya faɗo musu. Sauran duk an rubuta a gaban sunansu, ya koma gida lafiya. Na nemi sunan Gambo na gan shi, shi ma ya koma gida lafiya. Kawu, na rufe littafin na miƙa masa abinsa.

Abu ɗaya dai ya nuna maganar ta shige shi. Yana sakace haƙori ya tambaye ni har sau biyu, wai masaƙin nan waɗanda aka binne a ƙauye kaɗai yake ƙullawa? Na ce i, wanda ka auna da hannunka ka saƙa masa kaɗai, shi ya sa ba ƙarya a zarenka. Sai ya gyaɗa kai. Na ga alamar ya tsorata.

Lokotoro ya ce zai rubuta Yamai, amma manya ba sa yarda da shekara uku, sai an ƙara musu. Don haka duk Azumi in ka sauke zare ka aiko mini adadin. Ka riƙe Illa, ni kuma zan riƙe takarda.

Ɗanka, Suma'ila

*

Daga Nomau masaƙi zuwa ga Suma'ila. Watan Shawwal, bayan ƙaramar Salla. Liman ne ya rubuta da hannunsa, domin idon mai magana ya yi hazo.

Aminci gare ka da Wasila. Muna lafiya, mun gode Allah. Adadin zaren bara na aiko maka ta bakin Mai Nasara, goma sha takwas, ban ji amsa ba shekara guda. Illa yana gida, takardarka ce ta riƙe shi rani biyu, da bara da bana, ko da yake sai da suka ci dusa.

Ka ce in riƙa aiko maka adadi. To bana zaren maza ƙulli huɗu ne. Hannuna ya huta, gizo-gizo ya yi saƙa a masaƙata. Kai mai ilmi ne, ka duba da kyau. In ka sami hali ka zo da ƙafarka, akwai maganar da ba ta takarda ba ce.

Liman yana gaishe ka, ƙanensa Ali ma yana nan zaune yana gaishe ka.

Haza wassalam.

*

Damagaram, 18 ga Satumba, 1960

Kawu Nomau,

Gaisuwa da fatan damina ta yi albarka. Allah Ya ba idonka lafiya. In ruwa ya ɗauke ka zo a duba maka, akwai mai cire yanar ido a nan. Inna tana gaishe ka, ƙafar ta yi sauƙi.

Ka yafe mini shirun da na yi. Lokotoron nan tun bara aka ɗauke shi aka kai wata ƙasa, rapor ɗin, wato rahoton da muka rubuta, kuwa na same shi a ƙasan kabad, ɓera ya yi gida da rabinsa. Na rasa da wane baki zan gaya maka. Sannan ga hidimar 'yancin kai, wata biyu ba abin da muke yi a biro sai ɗinkin tuta da koyon tsayuwa a layi. An naɗa mana shef, shugaban biro, baƙar fata, Mushe Dodo yadda Faransa ke kiran manya, wanda muka zauna benci ɗaya a lakkwal yana kwafar lissafina. Yau kujerar Bature yake zaune, da farar rigar Bature, sai ka yi sallama sau uku kafin ya ɗaga kai. Bambancin kawai shi yana tofar da tukar goro a bayan ƙofa. In na shiga wurinsa na fito ji nake kamar in yi wanka.

Amma ba ƙorafi ya sa na ɗauki alƙalami ba. Kawu, huɗu! Na karanta sau uku. Daga goma sha takwas zuwa huɗu, ƙasa ma da shidan da aka saba, alhali ba a daina aikin dutse ba ko rana ɗaya. Na bincika aka ce mini tun zuwanmu gidan Baturen nan kamfani ya fara raba wa ma'aikata ƙyalle su ɗaure hanci, ana kuma yayyafa wa dutse ruwa kafin a niƙa. Ashe tsoron da na gani a fuskarsa ya yi aiki. Zarenka da alƙalamina sun ceci rayuka, ba abin da na taɓa yi a biron nan da ya faranta mini rai kamar wannan.

Na kai wa Mushe Dodo, karon farko ya ba ni kujera. Ya sa na rubuta sabon rapor cewa mutuwar maza ta sauka a ƙasarku, da shaidar masaƙin ƙauye, ya buga hatimi ya aika Yamai. Ga kwafi ɗaya na sa maka a ciki, ka ajiye, sunanka yana layi na huɗu.

Batun Illa, dusar da suka ci ta tsaya mini a rai. Ni na ce kada ya je, to yau ni ke cewa hatsarin ya wuce. In yunwa ta matsa, ban ga abin tsoro kamar da ba, ya dai riƙa ɗaure ƙyallen. Zuwan da ka ce in yi, sai aiki ya lafa. Hutun hannunka kuwa Allah Ya daɗa, gizo-gizo ya yi ta saƙarsa.

Ɗanka, Suma'ila

*

Daga Nomau. Watan Jimada Lahir. Da hannuna na rubuta, kwana uku ina yi, in baƙaƙen sun yi kama da sawun kaza ka yi haƙuri da su yadda na yi haƙuri da naka.

Lafiya muke, in wannan lafiya ce. Ba zan tsawaita gaisuwa ba.

Suma'ila, shekara nawa ka yi a lakkwal? Na ce maka huɗu, na ce ka duba da kyau, na ce ka zo da ƙafarka, na gaya maka hannun wa ke rubutu da wanda ke zaune a gefe. Me kuma kake so, in buga maka ganga? Kai da ka ce shida ne rabon da aka saba, da ka ga huɗu ba ka tambayi kanka ina biyun suka shiga ba? Ƙyalle ne ya hana tsofaffi ma mutuwa?

Huɗu na saƙa wa, shi ya sa na ƙulla huɗu. Goma sha bakwai ba su dawo ba. Tun daga watan da kuka je gidan Baturen nan aka daina sauke mana masu tari a bakin hanya. Yanzu in mutum ya fara, can bayan dutse ake ajiye shi har ya cika. Mamman ɗan maƙwabcina ya gudo, shi ya ba mu labari. Ya ce ba wanka, ba likkafani, buhun siminti biyu ake farkewa, ɗaya ta kai ɗaya ta ƙafa, a tura a rami. Musulmi ɗan Musulmi, a buhun siminti. Sai Ali ya zo a kekensa ya miƙa wa mace takalmin mijinta da ƙullin tsummansa, ya ce ta fara takaba. Mata goma sha bakwai sun yi takaba a kan takalmi, ba wadda ta ga gawa. Su ne masu kaɗa mini zare, yanzu sun kaɗa ya taru ba wanda za a saƙa wa.

Wa ya gaya wa mutanen nan abin da nake ƙullawa da abin da ba na ƙullawa? Ba sai na yi duba ba, kai ka rubuto mini da hannunka, har kana murna wai ya tsorata. Bai tsorata ba, karatu ka ba shi ya kuma haddace.

Takardarka ta zo ranar Juma'a. Ba na gani sosai, dole na miƙa wa liman, ya karanta a zaurena da ƙarfi, Ali yana nan, Illa yana nan. Da aka zo kan hatimi Ali ya karɓa ya ɗaga wa mutane su gani, ya ce ga gwamnatinmu ta kanmu ta ce dutse lafiya lau, da shaidar Nomau. Sunana, a layi na huɗu. Na ce ƙarya ne, suka ce to kai ka ce huɗu ko ba kai ba? Ban taɓa jin ƙyamar sunana ba sai ran nan.

Illa bai yi mini gardama ba. Ya ce, Baba, rani biyu na zauna saboda takardar Yaya Suma'ila, 'ya'yana suka ci abincin jaki. Yau shi ya ce in je. Ran da aka gama ɗaure gero ya naɗe tabarmarsa. Mutum talatin da ɗaya suka bi Ali daga garin nan kaɗai, bara tara ne.

Na nemi takarda ta riƙe mini ɗa, takarda ta ɗauke shi. Ka san inda dutsen yake.

*

Damagaram, 16 ga Janairu, 1961

Kawu,

Ina gaishe ka, ban san ko za ka amsa ba. Inna ta sa na karanta mata takardarka, tun ran nan ba ta kira sunana ba. Ba ni da abin kare kai. Na ga huɗu na so ta zama gaskiya, shi ya sa ban tambaye ta komai ba.

Jiya Lahadi Mai Nasara ya kai ni Dutsen Kura. Gani ya kori ji. Ruwan da aka ce ana yayyafawa, ganga ɗaya ce a bakin ƙofa, ta baƙi ce, in manya za su zo ake buɗe ta. Ƙyallen kuwa kowa a wuya ya rataye shi, domin in ya toshe da gari ba a iya numfashi. Na zaga bayan dutse na sami rumfar zana. Mutum goma sha huɗu kwance a kan buhunan siminti, bokiti ɗaya a tsakiya na tofi da na bayan gida, ba mai zubarwa sai wanda ya iya tashi a cikinsu. Warin ya kore ni waje na yi amai a gindin wata ƙaya. Da na ɗago sai na ga a kan kabari nake tsaye. Na bi tudun ƙasar nan ɗaya-ɗaya, sittin da ɗaya, na ƙauyukanku da na wasu. Ba ko ɗaya a littafin kowa.

Na sami Illa a bakin injin niƙa, fari fat kamar an birkiɗa shi a gari, sai da ya yi magana na gane shi. Ya gaishe ni da ladabi, ya tambayi Inna. Na ce ya ɗauko tabarmarsa mu tafi, kuskure na yi, na rantse masa. Sai ya buɗe layar da ke damtsensa ya fito da takardu biyu a ninke, tawa da ta ce kada ya je, da kwafin rapor ɗin nan. Ya ce, Yaya, wacce zan bi? Wannan ba hatimi, wannan da hatimi. Ya ce kuma ya dangwala yatsa a takardar kamfani, ba barin aiki sai ruwan farko ya sauka, kuma geron da yake aika wa Hauwa daga nan yake fitowa. Na roƙe shi har mai gadi ya zo ya tsaya a kanmu.

Ba zan ɓoye maka ba, an ɓoye maka abin da ya isa. Da zan tafi ya juya fuska ya yi tari sau ɗaya, busasshe. Ya ce ƙura ce kawai.

Yau da safe na rubuta gyara, na sa goma sha bakwai ɗinka da sittin da ɗaya nawa, na kai wa Mushe Dodo. Bai karanta ba. Ya ce rapor ya riga ya isa Yamai, har an yaba masa, ƙasa sabuwa ba ta fara tafiya da mummunan labari, kuma hanya dole a gama ta. Ya ɗora kofin shayinsa a kan takardar, ina tsaye zoben ruwan ya ci sittin da ɗayan. Tsugune ba ta ƙare ba, Kawu, an sai da kare an sayi biri. Ni kuma da nake ƙyamarsu duka, hannuna ne a ƙasan rapor ɗin.

Zan sake rubutawa in aika Yamai da kaina, ko da za a kore ni. Duk Lahadi kuma zan koma dutsen har Illa ya yarda ya biyo ni. Ka gaya mini in akwai abin da zan yi bayan wannan.

Ɗanka, in ka yarda har yanzu, Suma'ila

*

Daga Nomau masaƙi zuwa ga ɗansa Suma'ila. Ƙarshen Sha'aban.

Aminci gare ka. Ka ce wa Wasila ta kira sunanka, fushi ba ya ta da matacce. Hauwa da yara lafiya, gero yana isowa, kuma ba ta iya cinsa sai ta yi kuka.

Rubuta Yamai, ka rubuta. Zuwa Lahadi, ka je. Tarin nan kuwa ba sai ka siffanta mini ba, na san farkonsa na san ƙarshensa, Gambo ma ƙura ya ce.

Ka tambayi abin da za ka yi. Mai Nasara zai ba ka ƙunshi tare da wannan takarda, na ɗaure shi da kaba, na kuma gargaɗe shi wannan ba barkono ba ne. Na share gizo-gizon na zauna kwana tara. Ido ba ya gani amma hannu bai manta ba, Hauwa ce ta kaɗa zaren, ba ta tambaye ni na wane ne ba. Ban bukaci awo ba, tsawonsu ɗaya da wansa.

Kada ka kai gida, kada Illa ya gani. Ka ajiye shi a bironka, ƙarƙashin teburin da ka yi lissafi, inda ƙafarka za ta riƙa taɓa shi kullum. In Allah Ya sa ka ciro shi da rai, ka dawo mini da kayana, ni zan shiga ciki da farin ciki, zai ɗan yi mini tsawo ba komai. In kuwa ɗayar ce, to kai ne namu mafi kusa da dutsen. Ka yi masa wanka, ka sa shi a wannan. Ɗana ba zai shiga buhun siminti ba.

Azumi ya ƙarato, zan sauke zaren bana. Wannan ɗin na saƙa amma ban ƙulla ba, karo na farko ke nan tun da babana ya miƙa mini ƙoshiya. Na bar bakin zaren a sake. Kai za ka aiko mini in ƙulla ko kada in ƙulla, kuma wannan karon ka je ka gani da idonka kafin ka rubuta.

Haza wassalam.